Saƙonnin da na goge suna dawowa akwatin imel ɗina, ina neman shawara

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Atamfa da shadda nake sayarwa, kuma duk odar da nake yi daga Chana ta imel muke gama ta. Sati biyu ke nan wani abu yana damuna. Da daddare in na koma gida sai in zauna in share saƙonni, takardun biyan kuɗi kuma in kwashe su in zuba a wata jaka da na ware musu. Gari na wayewa sai in tarar rabinsu sun dawo akwatin. Shekaranjiya saura ƙiris in biya kuɗin dila ɗaya sau biyu, don tsohuwar takardar ta hau sama kamar sabuwa. Gmail nake amfani da shi a waya, a shago kuma akwai tsohuwar kwamfuta mai manhajar imel ta Outlook da yarona yake dubawa. Ko kutse aka yi min ne?

Mai gyaran waya a Farm Centre:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaya kake gogewar? Idan jan saƙon kake yi gefe da yatsa, to ba ka goge shi ba. A manhajar Gmail, in ba a taɓa saitin ba, jan yatsa ajiye saƙo yake yi, ya ɗauke shi daga gabanka kawai. Shi kuma Gmail yana ɗaure saƙonni masu take ɗaya wuri guda kamar dami. Ranar da mai kawo maka kaya ya amsa a kan tsohuwar hirar, duk damin ne zai taso ya dawo akwatin, har da takardar watanni uku da suka wuce. Mutanen Chanan nan kuwa ba sa buɗe sabon saƙo, a kan na bara za su yi ta amsawa. Shiga saitin manhajar, wajen aikin jan yatsa, ka mayar da shi gogewa. Wanda ka goge da gaske kwandon shara yake tafiya, ya yi kwana 30 a can kafin ya ɓace.

Wata 'yar uwa daga Hotoro:
Alhaji, ko ba kutse ba ne, ka shiga asusunka na Google ka duba jerin na'urorin da ke ciki. In ka ga wadda ba ka sani ba, cire ta, ka canza kalmar sirri. Kuɗin kaya ba abin wasa ba ne.

Ma'aikacin kwamfuta daga Zoo Road:
Malam mai gyara ya faɗi rabi, ni hankalina yana kan kwamfutar shagon. Outlook yana haɗuwa da Gmail ta ɗayan hanyoyi biyu. In POP ne, kwamfutar sauke nata kwafin take yi, abin da ka goge a waya zai ci gaba da zama a cikinta, amma ba zai koma wayarka ba. In IMAP ne, akwati ɗaya kuke kallo ta tagogi biyu, duk abin da aka motsa a shago zai motsu a aljihunka. Tunda a waya kake ganin dawowarsu, IMAP nake zargi.
Ga gwajin da zai raba gardama. Yau da dare ka yi sharar, sannan ka buɗe Gmail ta burauza ka tabbatar ta shiga, don in sabis ya yi rauni umarnin gogewar kan maƙale a waya. Gobe kada a kunna kwamfutar sam har azahar. In saƙonnin ba su dawo ba, ɓarawon yana shago: ko wata dokar rarraba saƙonni da aka saita a Outlook tana mayar da su, ko fayil ɗinsa na ajiya ya lalace, a cire asusun a sake saka shi. Kafin a cire, a tabbatar takardun kuɗin suna nan ta burauza.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba na'urori, nawa ne duka biyun. Jan yatsan kuwa ajiya ne, na gyara. Kwamfutar muka bari a kashe, har azahar ba abin da ya dawo. Da na tambayi yaron, sai ya ce kullum da safe yana ganin takardun sun ɓace daga akwati, sai ya nemo su a jakar ya mayar, yana tsoron kada in ce shi ya batar. Ban taɓa gaya masa na buɗe jakar ba. Na nuna masa ita yanzu, shi zai riƙa zuba waɗanda aka biya a ciki.