Ina son karanta injiniyancin sauti a jami'a, Baba ya ce sai lantarki

Abba_Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Tun ina ƙaramar sakandare nake bin wani bawan Allah da ke kula da lasifikar masallacin unguwarmu. Da azumi ni nake ɗaukar miksa (na'urar haɗa sauti da daidaita shi) da wayoyi zuwa wajen tafsiri. Akwai shekarar da lasifika ta riƙa kuka da zarar malam ya ɗaga murya, kowa yana cewa amfilifaya ce ta lalace. Ni na lura makirufo yana fuskantar lasifikar ne, na mayar da shi bayanta, na ɗan rage siririn sauti a miksa, kukan ya ɗauke. Tun ranar abin ya shiga raina. Yanzu da kwamfutar yayana nake koyon manhajojin gyaran sauti FL Studio da Adobe Audition, ina tace karatun malamai ina cire ƙarar fanka da ta babura.

Ga matsalar: lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, na duba jami'o'in da ke kusa da mu ban ga kwas mai sunan injiniyancin sauti ba. Baba kuma ya ce ko injiniyan lantarki ko in bi shi kasuwar Kwari. Shi a wajensa mai sauti ɗan DJ ne na gidan biki. Me zan cike?

Kawu Situdiyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, tun zamanin kaset nake wannan sana'a a Zoo Road da ke Kano, matattarar masu shirya finafinan Hausa, saurare ni da kyau. Kunne ba a aji ake samunsa ba. Ka nemi situdiyo ka zauna, ka naɗe waya, ka share ƙasa, ka kalli hannun maigida a kan miksa. Yara nawa suka zo mini da digiri ba su san makirufon kondensa yana buƙatar wuta bolt 48 daga miksa ba, sai su ce makirufon ya mutu. Abin da ke ci mini rai ma shi ne furodusoshinmu. Za su kashe kuɗi a kan kyamara da kayan sawa, mai sauti kuwa a ba shi makirufo ɗaya a kan sanda, janareta na ruri a bayan gida. In an gama a kawo mini a ce in gyara. Me zan gyara? Sai a tara 'yan wasa a sake ɗora murya, kuɗin aikin kuma sai ka yi ta bi.

Injiniya_Samaru: Kawu, da girmamawa, ban yarda ba. Abba, mahaifinka bai kauce ba. Sauti da zarar ya shiga makirufo ya zama siginar lantarki. Wannan gurnanin da kake ji a lasifika in waya ba ta da kyau, wutar ƙasar nan ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa take shiga layin. A sashen lantarki za ka karanta yadda amfilifaya ke aiki, da matatar sauti, da lissafin Fourier, mai rarraba sauti gwargwadon kaurinsa da sirantakarsa, wanda duk manhajar da kake taɓawa a kansa aka gina ta. Shekara 5 ne, akwai SIWES a ciki, wato horon sanin makamar aiki a wajen makaranta, sai ka nemi gidan rediyo ka yi a can. Amma sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri a JAMB. Yaya sakamakonka na WAEC yake a waɗannan?

Abba_Gwale: Na gode Yaya. Amma ni ba gyaran tiransifoma nake so ba. Shekara 5 ina lissafi, a ƙarshe kwas ɗaya ko biyu ne za su taɓa abin da nake so. Ga yajin aiki, yayana wata 8 ya zauna a gida a 2022.

Anti Rediyo: Ƙanena, me ya sa ba wanda ya ambaci Jos? Akwai National Film Institute ta hukumar fina-finai ta ƙasa, akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA da ke da alaƙa da ABU Zariya. A can ana taɓa kayan aiki da hannu. A BUK ma akwai tsangayar sadarwa. Sai dai ka sani, ni ina ɗakin sarrafa sauti a wani gidan rediyo, mai gabatarwa shi ake sani, shi ake wa kyauta, mu sai ranar da murya ta ɗauke ake tuna da mu. Albashin ba na faɗa ba ne. Kuma ka kula da kunnenka. Ƙara mai ƙarfin desibel 85 awa 8 ce iyakarta a yini, wajen biki kuwa ya wuce haka nesa. Kunnena na hagu har yanzu yana ƙugi da dare.

Kawu Situdiyo: Hajiya, Jos ɗin ma in ya gama wajenmu zai dawo ya fara daga naɗe waya. Injiniya kuma, Fourier ɗinka ba zai gaya wa yaro cewa aikin fim a 48 kHz ake ɗauka (wato na'ura ta auna sautin sau 48,000 a daƙiƙa), na faifan CD a 44.1 ba, sai ranar da ya ga baki da murya sun rabu.

Injiniya_Samaru: Zai gaya masa, har da dalilin da ya sa aka zaɓi lambobin. Kunnen mutum yana ji har kusan 20,000 Hz, wato girgizar sauti sau 20,000 a daƙiƙa, dole yawan aunawar ya ninka wannan aƙalla sau biyu.

Abu Hanifa 77: Ni tambayata ɗaya, ka yi tunanin yawancin kuɗin harkar nan a kiɗa yake? Ka tambayi malamai kafin ka jefa kanka. Kuma bin maganar mahaifi ba ya kawo asara.

Abba_Gwale: Malam, ai na faɗa tun farko a masallaci na fara. Akwai tafsiri, akwai labarai, akwai gyaran amsa-kuwwar manyan masallatai da ake zuba tayil ko'ina har ba a jin huɗuba a sahun baya. Wannan ma aikin mai sauti ne. Ba saɓa wa Baba nake son yi ba, so nake ya fahimta. Na ga Jami'ar Salford a Ingila tana koyar da ainihin abin, har da ilimin sautin gini.

Kawu Situdiyo: Ingila? Da wane kuɗin? Ka zo Zoo Road ranar Asabar ka ga aiki da idonka, ka bar mafarki.

Anti Rediyo: Kawu, bar yaro ya yi digiri. Mu da ba mu da shi mun san inda ake tsayar da mu wajen ƙarin girma.

Injiniya_Samaru: Abba, har yanzu ba ka faɗi sakamakonka na Fiziks ba.

Abba_Gwale: Zan duba Jos ɗin, Anti. Amma Baba ba zai bar ni in bar Kano ba, wannan na sani. Akwai wanda ya san ko ana iya cike lantarki a shiga, daga baya a canza sashe zuwa sadarwa? Fom ɗin sati mai zuwa nake son cikewa.