Dan Allah wa zai taimaka min da tambayar fiziks ɗin nan, buhu na yana hawa sama da kansa

Bazazzagiya_19:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan la'asar nake kan tambaya ɗaya cikin asaimen ɗinmu har kaina ya fara ciwo. Buhun masara ne mai nauyin kilo 50 aka ɗora kan katako da aka jingina, kusurwarsa digiri 30, lambar gogayya tsakanin buhun da katakon 0.6, a ɗauki g, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa, a matsayin 10. Wai a nemo ƙarfin gogayya da ƙaruwar gudun buhun. Na raba nauyin, wato 50 sau 10 da ya ba da 500 N (N shi ne newton, ma'aunin ƙarfi), 500 sin 30 ya ban 250 N mai jan shi ƙasa, 500 cos 30 ya ban 433 N, na ninka da 0.6 na samu wajen 260 N. Da na cire sai na ga -10 N, na raba da 50, ƙaruwar gudu kenan -0.2, wato buhun sama zai yi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi? Sau uku na sake lissafin wlh. Gobe da ƙarfe 8 za mu miƙa.

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Hhh buhun aljanu kenan. Ina ga matsalar g ce, ki sa 9.8 ki gani, kuma ki duba ko kalkuletarki tana kan digiri don ni ta taɓa min haka.

Bazazzagiya_19:
Na gwada yaya, 245 da 254.6 ya fito, har yanzu dai saman yake nufa. Kalkuletar ma lafiyarta lau.

Injiniyan Gobe:
Ƙanwata lissafinki duk daidai ne, fahimtar ce ta zame, kuma tarkon da aka ɗana a tambayar kenan. Wannan 260 da kika samu shi ne iyakar abin da gogayyar za ta iya yi, ba dole ne kullum ta yi shi ba. Gogayyar abin da ke tsaye ramuwa kawai take yi, gwargwadon yadda aka ja haka take riƙewa, in an ja da 100 ta riƙe da 100, in an ja da 250 ta riƙe da 250, sai jan ya wuce 260 sannan ta saki. To nan 250 ne ke jan buhun, don haka gogayyar 250 N ce, ƙaruwar gudu sifili, buhun yana nan zaune abinsa.

Ki je kasuwar Sabon Gari ki tsaya inda 'yan dako ke sauke hatsi daga mota, in katakon ya kwanta da yawa buhu sai ya maƙale a tsakiya sai an tura shi, ba su taɓa zama ajin fiziks ba amma sun san su ɗaga katakon kaɗan. Kuma da zarar ya fara zamewa sai ya tafi da sauri, saboda gogayyar abin da ke tafiya yawanci ba ta kai ta wanda ke tsaye ba.

Ni kafin in fara kowane lissafi irin wannan tan ɗin kusurwar nake dubawa. tan 30 shi ne 0.577, bai kai 0.6 ba, shi kenan ba motsi. Kilo 50 ɗin ma ba ruwansa, ko buhun kilo 100 ne amsar motsin ɗaya ce don nauyin yana soke kansa ta ɓangarorin biyu. Sai kusurwar ta haura wajen digiri 31 zai zame.

Ɗan Samaru:
Kai, digiri ɗaya tal ya rage masa ashe. To ni ma 260 na rubuta a nawa na manta da alamar cirewar na wuce, bari in je in nemo takardar.

Bazazzagiya_19:
Allah Ya saka da alheri yaya Injiniya, yanzu na gane. Amma sashe na biyu ya ce a nemo ƙaramin ƙarfin da za a tura shi da shi ya fara hawa saman katakon, nan 250 da 260 zan haɗa ya zama 510 N ko?

Injiniyan Gobe:
Haka ne, in dai a miƙe da katakon ake turawa, tunda sama za a tura shi gogayyar ta juya tana kallon ƙasa kuma ta kai iyakarta. Ki zana kibiyoyin a jikin zanen don ana ba su maki.