Neman kalmar Hausa: me za mu kira "rules lawyer"?

Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa kan sunan ɗan wasan da ke jayayya da ƙa'idar wasa don amfanin kansa, wanda a Turanci ake kira "rules lawyer". Mu shida ne muke haɗuwa a Yelwa, nan Bauchi, duk Asabar bayan la'asar, muna wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga wanda bai san shi ba: mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, kowane ɗan wasa kuma ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. In abin na da wuya, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 a ga ko ya dace. Babu ko sisi a ciki. Da Hausa muke yi, shi ya sa rashin kalmar ya dame ni.

Ga mutumin da nake nufi. Jarumin wani yaro ya diro daga soro ya faɗa kan doki, kowa na tafi, sai ɗaya daga cikinmu ya ce a dakata. A littafin ƙa'idojin wasan, bugun 2014, in ji shi, duk ƙafa 10 da mutum ya faɗo sai an jefa masa ɗan ludo mai fuska 6 a rage ƙarfinsa. Gaskiya ya faɗa, haka yake a rubuce. Amma har aka kira magariba muna kan wannan, yaron kuwa bai ƙara buɗe baki ba. Mako biyu bayan haka nasa jarumin ya faɗa rijiya, bai tuna mana da ƙa'idar ba.

Na tattaro abin da aka ba ni zuwa yanzu. "Ɗan gardama" ya yi faɗi, har majalisar mai shayi akwai su. "Alƙalin wasa" sunan jagora ne, ba nasa ba. Wata yayarmu daga Gombe ta ce "ɗan ƙaƙale", na kuma so shi ƙwarai. Sai dai, Yaya, mai ƙaƙale yakan matsa wa kansa kafin ya matsa wa wani. Irinsa ne tsohon da zai hana ka jera uku tun ana zuba 'ya'yan dara, ko da kuwa shi zai ci riba in ka yi. Wannan ina son sa a teburina, shi ke riƙe mana littafi.

Wani malamina ya ce "lauyan ƙa'ida". Da farko na ƙi, na ɗauka fassara ce kawai. Ya ce, "Kai yaro, saurara da kunnen Bahaushe. Me ake cewa in mutum ya murɗe zance?" Ya lauya shi! Ashe kalmar aron ta tarar da 'yar gida a zaune. Rubutu ɗaya, kuma aikin mutumin ke nan: ya san ƙa'ida sarai, amma yana lauya ta zuwa ɓangarensa. Allah ya ƙara sani, Malam, na sallama.

To, ni dai na tsaya a kan biyu: ɗan ƙaƙale ga mai son gaskiyar littafi, lauyan ƙa'ida ga mai son kansa da ita. Mace lauyar ƙa'ida, jam'i lauyoyin ƙa'ida.

Ga yadda muka ƙare da ɗan wasan nan da ya ce a dakata: ban kore shi ba, ƙanena ne a unguwa. Na same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Muka shirya cewa mai ƙorafi yana da minti ɗaya, jagora ya yanke, a ci gaba, a duba littafi bayan an tashi. Littafin da kansa ya bar wa jagora maganar ƙarshe. In ni jagora na yi kuskure, nakan faɗa a Asabar ta gaba. Yaron nan ma ya dawo da dokinsa.