Dutse mai kamar katantanwa da na tsinta a Wurno

Ɗan Rima: Slm jama'a. Mun je ƙauye wajen Wurno, ana haƙar rijiya a gonar kawuna sai ga wasu duwatsu fari-fari sun fito, ɗaya sak katantanwa har da murɗin bayan nan nata amma wlh dutse ne, na ƙwanƙwasa da mukulli yana ƙara. Kawu ya ce in yar, kayan aljanu ne. To ni dai na sa a aljihu. Mene ne wannan? Kuma wane littafi zan fara da shi, ban karanta jiyoloji (ilimin duwatsu) ba.

Mai Guduma: Wslm. Kada ka yar. Katantanwar gaske ce ta teku, ta rayu ta mutu laka ta binne ta har ta koma dutse. Yankin Sakkwato duk teku ya taɓa rufe shi, wajen shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, ruwan ya ratso ta inda Sahara take yanzu, shi ya bar dutsen farar ƙasa da ake siminti da shi a Kalambaina. Ka ɗiga masa ruwan lemun tsami ka sa ido sosai, in ka ga 'yan kumfa na tasowa to dutsen farar ƙasar ne. A Dange da Wurno har haƙoran kifin shak ana samu, kuma akwai wani ƙaton dabban ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda a yankin Goronyo aka tono shi.

Bakano: Ikon Allah, teku a Sakkwato da wannan zafin? To mu a Kano in na duba zan samu?

Mai Guduma: Da wuya, ɗan'uwa. Naku galibi giranet ne, narkakken dutse ne da ya huce, me zai tsira a ciki? Dala kuma marmara ce.

Hajiyar Agadas: Ku zo Nijar ku sha kallo. Gadufawa cikin Tenere ƙasusuwa a fili suke kan rairayi, can aka samo Ouranosaurus, wani ƙaton dabban zamanin da irin waɗanda ake kira dinosaur, ƙwarangwal ɗinsa na gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Amma fa ba a ɗiba a tafi da su, sai da izinin hukuma.

Mai Guduma: Littafi kuwa, akwai na Farfesa Obaje kan jiyolojin Najeriya da ma'adananta, na 2009, sai dai turancinsa da nauyi. Fara da babin duwatsu na littafin jogarafin sakandare tukuna. Kuma ka rubuta inda ka tsince shi da zurfin rijiyar a takarda, ka naɗe su tare.

Ɗan Rima: Na gode yaya. Na gwada lemun yanzu, ya yi kumfa! Bari in kai wa kawu ya gani.