Intabiyu a Abuja bayan Sallah: in tashi daga Katsina ko in gangara Kano?

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum. Ina da intabiyu a Abuja ranar Litinin da goma na safe, kwana uku bayan Sallah. In yanki tikitin Lahadi daga filin jirgin Umaru Musa Yar'adua, ko in je Kano inda jirage suka fi yawa? Kuɗina na tikiti ɗaya ne tak.

Baban Halifa: Hau mota kawai.

Maman Ilham: Ƙanena, kar ka sake ka dogara da jirgi ɗaya. Bara a watan Janairu zan kai mahaifiyata ganin likita. Tun bakwai na safe muke zaune, hazo ya turnuƙe. Aka ce sha ɗaya, aka ce uku. Ashe jirgin da zai ɗauke mu ko Legas bai baro ba, shi kaɗai ke zagaya garuruwa. Tsohuwa ta yi azahar da la'asar a kan kujerar ƙarfe, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da magariba aka soke tafiyar. Sai bayan wata biyu muka sake samun likitan.

Ɗan Daura: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma yanzu ai babu hazo. Ni dubu 95 na biya wancan watan.

Malam Na Funtuwa: Dubu 95? Jiya 180 na gani!

Ɗan Daura: Kujerun araha ake fara sayarwa, Malam. Lokacin da ma'aikata ke komawa Abuja bayan Sallah, masu tsadar kaɗai suka rage. Ga man jirgi da kayan gyara duk dala ke juya su.

Malam Na Funtuwa: Sau nawa ka hau jirgi da kake koya mana?

Baban Halifa: Ni jirgina Sharon ne, bai san hazo ba.

Maman Ilham: Wata huɗu na yi ina bin kuɗin tikitina, sai da na kai ƙara NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Baban Halifa: Gaskiya motar ma ba sauƙi. Jajibirin Sallah 'yan kamasho suka ninka mana kuɗin Kano, mutum huɗu a kujerar baya, kaya kuma kuɗinsu daban.

Ɗan Ƙofar Sauri: Don Allah yayyena, Katsina ko Kano?

Malam Na Funtuwa: Huɗu ma kun ji daɗi. Mu har gaba biyu aka cusa.