Kocin West Point na son yarona a besbol, mu amsa ko mu dakata?

Baban Uku: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekara 17, mai jifa ne a besbol, kocin West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka, ya kira shi sau biyu. Karatu kyauta har da alawus duk wata, amma in ya gama sai ya yi shekara 5 a soja. Wata jami'a nan New York kuma ta ce za ta ɗauki rabin kuɗin. Uwarsa tun jiya ko abinci ba ta ci ba. Wanda ya bi hanyar nan dan Allah me ya gani?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Kai shi ƙwallon ƙafa kawai Alhaji, besbol ba namu ba ne.

Maman Biyu: Alhaji kiran koci ba shiga ba ne wlh. Ɗan yayata haka wani koci na wata makarantar soja ya yi ta kiransa, muka yi ta zarya ofishin ɗan majalisa har aka samu takardar tsayar da shi da makarantar ke buƙata, ya ci gwajin motsa jiki, sai wajen likita aka ga an taɓa rubuta masa abin shaƙa na asma yana shekara 14, shi ke nan, muka nemi afuwa shiru har Afrilu, sauran makarantu duk sun cike. Yaron nan ya cusa safar hannunsa ta besbol ƙarƙashin gado, yau shekara biyu bai taɓa ta ba.

Baban Uku: Subhanallah. Hajiya nawa ba shi da asma kam.

Maman Biyu: Mu ma haka muka ce. Je ka duba fayil ɗinsa na asibiti tun yana jariri.

Tsohon Soja: Shekara biyun farko yana iya fita ba bashin komai, sai ya shiga aji uku alƙawari ya hau kansa. Paul Skenes, shi ma mai jifa ne, haka ya yi, ya bar makarantar sojan sama ya koma jami'ar LSU, 2023 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na babbar gasar besbol. Noah Song kuwa da ya gama ta sojan ruwa a 2019, ƙungiyar besbol ta Red Sox sun ɗauke shi amma sai da ya tafi koyon tuƙin jirgi.

Maman Biyu: Kai ai ba ta makarantar ka shiga ba Malam, kurtu ka fara.

Tsohon Soja: Na dai sa kakin Hajiya, ke fa?

Ɗan Zango: A bar shi ya je, ko gyaran gado ya koya uwarsa ta huta 😂

Direban Harlem: Ni kuɗin sansanin gwajin besbol ne ya ishe ni, dala 450 na biya kwana biyu.

Maman Biyu: 450? Mu 200 muka biya.

Direban Harlem: Ban da otal da mai fa. Kuma duk wasanninsu Asabar da Lahadi ne, yarona wata uku rabonsa da Islamiyya, malaminsu har gida ya zo yana min faɗa gaban yara.

Baban Uku: Wallahi mu ma izu biyu muka tsaya tun bara. To batun shekara 5 ɗin fa?

Direban Harlem: Ku ce wa kwamitin masallaci su mayar da karatun nan daren Laraba mana, tun yaushe muke roƙo.