Na kai faifai wata na'ura, rumbun LVM ya ƙi tashi: wa ya taɓa shiga wannan?

Daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren Talata wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfinta, ta ƙona sabar (kwamfutar ajiye bayanai) da nake kula da ita, ta wata ƙungiyar manoman auduga. Faifan dai ya tsira, alhamdu lillahi. Na ciro shi na jona a tawa kwamfutar don in kwashe kayan mutane, sai LVM, manhajar Linux mai tsara faifai, ya ce yana ganin rumbu biyu masu suna ɗaya. Rumbu nake ce wa VG, inda ake haɗa faifai ɗaya ko fiye su zama wuri guda sannan a yanka kaso-kaso. Ban taɓa komai ba tukuna, domin lissafin bashin taki na shekara 3 ke ciki. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana yadda ya ƙare.

Daga Njamena:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka dakata. Na tabbata Ubuntu ce a na'urorin biyu, don in ka bar ta ta tsara faifai da kanta da LVM, yawanci ubuntu-vg take raɗa wa rumbu. Ni ma bara na gamu da haka. Suna ne kawai ya zo ɗaya, lambar UUID, wato lambar shaida, ta kowanne daban take. Buga pvs -o +vg_uuid ka ga wace lamba ke kan baƙon faifan, ka ba vgrename wannan lambar tare da sabon suna, sannan vgchange -ay ya tashe shi. Amma in da dd, mai kwafe faifai sukutum, aka kwafi faifan, har lambar ma ɗaya ce, nan sai vgimportclone.

Daga Gaundare:
Yaya, don Allah ka duba lambar nan sau biyu. Ni na kwafi ta layin sama, ashe rumbun da na'urata ke tashi da shi na sake wa suna. Ba ta ce uffan ba, aiki ya ci gaba har yamma. Washegari na kunna, ta tsaya a baƙin allon initramfs, matakin farko na tashi, saboda grub, mai tayar da na'ura, yana nan yana neman tsohon sunan, /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv. Da filashi na tashe ta na mayar da tsohon sunan. Kai ma in za ka sa faifan nan a sabuwar saba ya tashi da kansa, ka mayar masa da sunansa, amma a can sabuwar sabar bayan ka tashe ta da filashi, don a kwamfutarka vgrename ba zai karɓi sunan da wani rumbu ke da shi ba.

Daga Marwa:
Tawa ta fi wannan zafi, kuma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Saba ce ta wata makaranta, faifai biyu a rumbu ɗaya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke wuce digiri 40, ɗakin ba sanyi sai fanka, aka wayi gari faifai ɗaya ya ɓace, rumbu ya ƙi tashi. Shugaba na tsaye a kaina, sakamakon jarrabawa ake jira. Na buga vgreduce --removemissing, ya ƙi, ya ce akwai kason da ke kan faifan da ya ɓace. Maimakon in saurari abin da yake gaya mini, na ƙara masa --force. Nan take kason ya tafi gaba ɗaya, har da rabin da ke kan lafiyayyen faifan.

Da na buɗe akwatin sai na tarar ƙurar hunturu ta yi tabarma a ciki, wayar SATA da ke haɗa faifan ta sassauto. Faifan lafiyarsa lau. Ni na rushe abin da hannuna.

Abin da ya cece ni shi ne /etc/lvm/archive, inda LVM ke ajiye tsarin rumbu kafin kowane canji. Na matse wayar, vgcfgrestore -l ya jero mini ajiyar, na zaɓi ta kafin ɓarnar na mayar da -f. Ya yi ne kawai don ban rubuta komai a wurin da ya zama fanko ba. Ko da faifan mutuwa ya yi da gaske, da vgchange -ay --activationmode partial ya kamata in fara, in tsamo abin da zai tsamu. Tun ranar nake kwafe /etc/lvm a filashi in ajiye a gida, domin in a cikin rumbun da ya faɗi ajiyar take, ta ina za ka ɗauko ta?

Daga Kusiri:
Sannu Baba, Allah ya kiyaye gaba. Ni 'yar ƙaramar ƙari ce gare ni, ga masu Red Hat 9 da danginta irin Rocky. Na tsallaka gadar Ngeli da faifai a jaka, na jona, lsblk mai jero faifai na ganinsa amma pvs ko alamarsa. Ashe su sai abin da aka rubuta a /etc/lvm/devices/system.devices suke kallo. Da na shigar da shi da lvmdevices --adddev, rumbun ya fito.

Daga Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rubuta lambar a takarda, na gwada ta harafi-harafi kamar yadda ƙanena na Gaundare ya ce, sannan na sake suna. Rumbun ya tashi, na buɗe kason don karatu kaɗai, lissafin duk yana nan, na kwafe shi wuri biyu. Sabuwar sabar na hanya daga Duwala. Alhaji na Marwa, in ta iso zan neme ka, ina so mu zauna kan ko faifai biyun a yi musu madubi, kowanne ya riƙe kwafin ɗayan, maimakon a jera su a rumbu ɗaya.